Shaidar da Na Bayar a Kan Gonar Dinya

Na san abin da aka gaya muku a kan gonar dinya. Wasunku a gidan biki suka tsinta, wasu kuma a bakin matan gidan Yaya Mamuda: wai ubanku ya yi karatun waya har ya ruɗe, ya shiga kotu ya kayar da ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya saboda bare. Ban taɓa zaunar da ku na ɗauko maganar daga tushe ba, domin a lokacin raina a dagule yake, daga baya kuma kowannenku ya bazu neman na kansa. Yanzu da gwiwa ta hana ni zuwa gona, ga takarda ga biro, bari in faɗa muku yadda aka yi. Kada kuma ku zaci labarin baƙin ciki za ku ji. Tun da na ajiye aikin malamin gona ban ga shekarar da jinina ya motsa kamar wannan ba.

A shekarar ne aka shimfiɗa kwalta daga wajen Tofa ta ratsa ta bayan garinmu. Kafin a kwashe gero dillalan filaye sun cika gari, kowa da igiyar awo ɗaure a bayan babur. Gonar da a da sai an roƙi mutum ya noma ta zama abin nuni da baki. Gonar dinya kuwa tana bakin kwaltar daidai, kuma tana hannun Modu, ɗan marigayi Malam Bukar. Shi Malam Bukar mutumin ƙasar Barno ne da ya sauka a zauren Babanmu tun muna yara, ya koya mana karatun allo, ya zauna har ƙasar nan ta rufe shi. Modu sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya. Yaya Mamuda, wanda shi ne babba a gidanmu tun rasuwar Baba, ya tara mu a zaure ya ce gonar aro ce Baba ya ba Malam Bukar, lokaci ya yi da za ta dawo cikin gado. Hujjarsa ita ce duk kaka Malam Bukar yakan aiko da damin dawa gidanmu, kuma ba a kai wa mutum dami haka kawai sai in ƙasar tasa ce. Ba ƙarya ya shirya ba, ku riƙe wannan da kyau. Abin da idonsa ya gani ya faɗa, kuma ya yarda da shi har cikin zuciyarsa.

"Isiyaku, kai ka yi boko," in ji shi. "Kai za ka riƙa zuwa wajen lauya. Ni takardun nan ciwon kai suke sa ni."

Na sunkuyar da kai na ce to, alhali akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba. Zan zo kansa.

Lauyar da aka haɗa mu da ita a Kano sunanta Barista Hadiza, mace mai kamar shekara arba'in, mai saurin magana da saurin dariya. Ofishinta a saman bene yake, sai da na huta sau biyu kafin na kai. Tana rubuta bayanina, ni kuwa idona na kan wani kabad na gilashi da ke bayanta, cike da manyan littattafai masu jan bango da kore. Duk tsawon rayuwata na ɗauka doka a irin wannan kabad take zaune, mabuɗin na aljihun masu baƙar riga, talaka sai dai a gaya masa an ce. Ta ɗago ta kama ni ina kallo.

"Baba, waɗannan yanzu rabinsu ado ne. Kana da babbar waya?"

Na ciro wadda ke Zainabu kika saya mini, wadda ban san komai a cikinta ba sai kira da sauraren wa'azi. Ta karɓa ta danna nan ta danna can, ta miƙo mini.

"Ga shi. Hukunce-hukuncen manyan kotuna ne, har na kotun ƙoli. Wasu shafukan sai an biya, mu lauyoyi muke shiga. Amma wannan da wannan kyauta ne, data kawai za ka sa."

"Kina nufin abin da alƙali ya faɗa da bakinsa?"

"Kalma da kalma. Rubuta hauzi a gurbin nan ka gani."

Ta bayyana mini cewa hauzi shi ne mutum ya riƙe ƙasa shekara goma ko fiye yana nomawa, mai ita yana gari yana gani bai ce uffan ba. A shari'ar Musulunci irin wannan ba a cika sauraren mai ƙara ba, sai fa in ya kawo shaidar cewa aro ya bayar ko jingina. Da wannan makamin Modu zai kare kansa, mu kuma aro za mu tabbatar. Na rubuta kalmar da yatsa ɗaya, na danna. Sai ga shari'o'i sun jero, na ja sama wasu suka fito, na ƙara ja wasu suka fito, kamar an kwance bakin buhun gero. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na ce, "La ilaha illallahu! Duk wannan a aljihuna yake kwana ban sani ba?" Ta yi dariya har da share hawaye. A motar dawowa kaina na kan waya, ban farga ba sai da aka wuce mararrabarmu da nisa, na sauka na tako a ƙasa ina dariya ni kaɗai kamar wanda aka yi wa bushara.

Daga ranar na koma ɗan makaranta ina da furfura. A cikin gida sabis ba ya kamawa sosai, sai a kan tudun nan na gabas, gindin ɗorawa. Da na karya kumallo sai in ɗauki tabarma da tabarau da littafin rubutu in hau. Na koyi buɗe rubutu da yatsa biyu ya yi girma. Na gano cewa in Turancin alƙalai ya gagare ni, akwai ƙamus a cikin wayar dai. Wani hukuncin sai in yi kwana uku a kansa, ina bin sa layi-layi kamar mai cirar ciyawa a gonar gyaɗa. Abin da ya fi burge ni shi ne mutanen ciki irinmu ne. Ga manomi da maƙwabcinsa a kan kunya biyu, ga mace da ta tsaya kai da fata a kan rabon gadonta, ga wanda ya tafi ci-rani ya dawo ya tarar an gina gida a gonarsa. Kuma manyan alƙalai sun zauna sun saurare su, sun jawo littattafan fiƙihun da muka ji malamanmu suna ambata, sun ce wane ya yi daidai a nan, alƙalin ƙasa ya yi kuskure a can. Ashe alƙali ma ana yi masa gyara, kuma a rubuce, kowa ya gani! Wannan kaɗai ya ishe ni murna na mako guda.

Ba a daɗe ba 'yan majalisar ƙofar masallaci suka taso suka tarar da ni a tudu, suka laƙaba mini suna Joji. Mai tambaya a kan iyaka, mai tambaya a kan takardar mallaka, har da wanda akuyar maƙwabci ta ci masa rogo. In na dawo da azahar kuma Innarku tana jira, ta ajiye tsintar wake ta ce, "To Malam, yau wa ya ci, matar nan ko ƙanin mijin?" Nakan fassara mata shari'a ɗaya kullum, tana bi kamar wasan kwaikwayo na rediyo, wani lokaci ta riga alƙali yanke hukunci, kuma sau da yawa takan dace.

Zumuɗi ya taɓa kai ni ƙasa. Na ci karo da wani hukunci da ya yi kama da namu kamar an tsaga kara, har da maganar kai dami, kuma masu cewa aro ne suka yi nasara. Ban ko sanar ba na hau mota sai Kano, na haye benen nan ban huta ko sau ɗaya ba.

"Barista, na samo! An gama!"

Ta karɓi wayar ta duba sama. "Baba, wace kotu ce ta yanke wannan?"

Na faɗa mata. Ta kwafi sunayen masu shari'ar ta sake nema, sai ga wani hukuncin da sunayen nan dai, daga kotun da ke sama da waccan. An rushe na farkon gaba ɗaya, an ce kai dami kaɗai ba ya nuna aro, yana iya zama alheri tsakanin mutane, sai an kawo wanda ya ji abin da aka faɗa ranar da aka ba da gonar.

"In ka ga hukunci ya yi maka daɗi, nan ne za ka fi bincike," in ji ta. "Ka duba shekara, ka duba ko an ɗaukaka ƙara. Kuma mutanen da ke zuwa wajenka a tudu, ka karanta musu, amma ka ce su nemi lauya. Waya ba ta tsayawa gaban alƙali."

Kunya ta kama ni, amma abin mamaki sai son abin ya ƙaru. Na ga ashe ilimi ne mai hawa-hawa, ba tsintuwa ba. Sai dai a hanyar gida wata magana ta tsaya mini a rai: wanda ya ji abin da aka faɗa ranar da aka ba da gonar.

To ga abin da na sani. Shekarar da na gama makarantar koyon aikin gona, Yaya Mamuda yana Kurmi da shanu, Modu kuma yana gabas wajen karatu. Wata safiya da ruwa ya sauka Baba ya ce in ɗauko saiwar gamba da fartanya in biyo su shi da Malam Bukar. Muka zagaya gonar, Baba ya tsaya a gindin dinya ya ce:

"Bukar, daga nan zuwa kwari na ba ka, kai da bayanka, kyauta saboda Allah. Ka ba 'ya'yana abin da ya fi ƙasa. Isiyaku, dasa."

Da hannuna na dasa gambar da ke iyakar gonar har yau. Malam Bukar ya yi ta hawaye yana addu'a da Barbarci. Damin da yake aikowa kuwa godiya ce, Baba har cewa yake, "Bukar ba ya jin magana." Ba mantawa na yi ba, kada in yi muku ƙarya a takarda. Kwantar da maganar na yi, na ce ai ba wanda ya tambaye ni. Modu bai san ina wurin ba, kullum sai ya gaishe ni a masallaci ya ce, "Isiya, ba komai, shari'a ce, ba gaba ba." Ni kuma ina lissafin ku maza huɗu, kowa na son inda zai kafa gida a bakin kwalta.

Na ci gaba da hawa tudu, amma yanzu duk shari'ar da na buɗe sai in ga kaina a ciki. Akwai wata da ta tsaya mini, ta wasu gidaje biyu a kan gona ɗaya. Na bi ta daga ƙaramar kotu har sama. A tsakiya sai na ga sunan mai ƙara ya canja, an sa na ɗansa, domin uban ya rasu. Can gaba na ɗaya ɓangaren ma ya canja. Mutanen da suka fara rigimar duk suna kabari, 'ya'yansu na ta hawa mota zuwa kotu, kuma tun farko dattijo ɗaya ne ya san gaskiyar maganar, ya mutu bai faɗa ba. Na kife wayar a kan tabarma. Na hango ku da 'ya'yan Modu kuna zaune a benci daban-daban bayan ba ni, kuna harare-harare a kan abin da kalma goma daga bakina za ta kashe.

Kwana uku ban fassara wa Innarku komai ba. A na huɗu tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida da hantsi ta ce ba tare da ta ɗago ba:

"Malam, kotun taka ta tafi hutu ne?"

Na zauna a kan turmi na gaya mata komai. Ta ci gaba da ɓara ta ce:

"Duk shari'ar da ka karanta mini, in aka zo kan mai ɓoye shaida, me nake cewa?"

"Kina cewa Allah ya isa."

"To ni ba zan so wata ta zauna a gidanta ta ce wa mijina haka ba. Amma ka fara zuwa wajen Yaya. Kada ya ji a gaban mutane."

Na same shi a zaure bayan la'asar yana gyaran igiyar shanu. Na durƙusa kamar yadda na saba, na faɗa masa. Da farko ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskata sai ya ajiye igiyar.

"Ranar da na tara ku a nan, ina bakinka yake?"

"Na yi kuskure, Yaya. Kwaɗayi ne."

"A'a. Wayar nan ce ta cinye maka kai. Na aike ka ɗebo ruwa, ka dawo da wuta. In Baba ya bayar, don me bai gaya mini ba, ni babba?"

"Ba ka gari, Yaya. Mu janye ƙarar, mu kira Modu a zauren nan, a rufa wa juna asiri."

"In janye gari ya ce na yi ƙarya? Je ka faɗa wa alƙali, in ka iya kallon idona."

Barista Hadiza da ta ji, sai ta ce ba za ta tsaya a kan maganar aro ba tunda ta san haka. Ta ba Yaya shawarar sulhu, ya ƙi, ya ɗauki wani lauyan. Ni kuma na taka har gidan Modu na gaya masa yana da shaida. Ya riƙe ƙofar zaurensa da hannu biyu, yana ta maimaita sunana.

Ranar zaman kotu mutanen garinmu sun cika benci har waje. Abin da zai ba ku mamaki, ban ji tsoro ba. Na san tsarin tun kafin in shiga, na san abin da za a tambaye ni da dalilin tambayar, domin na karanta irinsa ya fi a ƙirga. Jikina har wani sauƙi yake yi, kamar ranar da na fara hawa keke. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam Isiyaku, ka san kai ma magaji ne? In gonar nan ta tabbata ga wanda ake ƙara, rabonka ya tafi."

"Na sani, Allah ya gafarta Malam."

"To faɗi abin da ka gani da abin da ka ji."

Na faɗa, har da inda Baba ya tsaya da inda na fara dasa gamba. Lauyan Yaya ya juya ni ta nan ya juya ni ta can, magana ɗaya ce. Aka ce Modu ya yi alwala ya rantse, ya rantse. A zama na gaba aka tabbatar masa da gonar. Da muka fito Yaya ya wuce ta gabana, babbar rigarsa ta shafi hannuna, bai juyo ba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Ƙofar da ke tsakanin gidanmu da nasa, wadda kuka yi rarrafe ta cikinta, aka kawo bulo aka toshe. Akushinsa ya daina fitowa zaure. Sallah biyu Innarku ta aika da tuwo ta ƙofar waje aka dawo da shi ba a buɗe ba. Ranar ɗaurin aurenki Zainabu, shi ya kamata ya zama waliyyi, sai ya tafi kasuwar Kunci tun asuba. Na san kin yi kuka, kuma ni na jawo miki. Kai kuma Kabiru ka yi wata shida ba ka ce mini komai sai "ina kwana" da "sai da safe". Ban riƙe ka ba. Fuloti a bakin kwalta ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, kuma ni na hana ka. Abin da nake so ku sani shi ne laifina ba shaidar ba ce. Laifina shirun da na yi a zaure ranar farko. Da na buɗe baki a lokacin, da yayana bai sha kunya a gaban gari ba.

Damina uku muka yi a haka. A ta huɗun wani mai kuɗi daga birni ya sayi gonakin arewa ya zagaye su da katanga, ya haɗa har da turbar da muke bi da gawa zuwa maƙabarta tun kakanni. Aka yi rasuwa, sai da aka zagaya da makara ta bakin kwalta, motoci na yi mana ham. Gari ya ɗauki zafi, matasa na maganar rushe katanga.

Kwana biyu bayan haka ina gindin ɗorawa da hantsi, sai na ji ƙarar sanda a kan tsakuwa. Na ɗago, ga Yaya Mamuda yana hawowa tudu, yana tsayawa yana haki. Na zabura zan tare shi, ya ɗaga mini hannu. Da ya iso bai yi sallama da sunana ba, ya dai yi sallama.

"Matsa mini."

Na matsa. Ya zauna a bakin tabarma, ya miƙe ƙafa, ya jingine sanda. Ya daɗe yana kallon katangar nan da ake hangowa daga tudu.

"Wayar taka, akwai maganar hanya a ciki? Hanyar da mutane suka daɗe suna bi?"

"Akwai, Yaya. Da yawa ma."

"To nemo, kafin yaran nan su yi mana ɓarna."

Sau uku ina rubuta kalmar hanya ina kuskure, tabarau kuma ya yi hazo sai da na cire na goge da bakin riga. Da shari'o'in suka jero ya matso har kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya leƙa rubutun da ba ya iya karantawa.

"Karanta a hankali, ka fassara mini," in ji shi. "Kuma kada ka tsallake inda bai yi mana daɗi ba."

Muna nan zaune har aka kira azahar.